Ka Ce Bishiya Ce Ta Yi Ƙyasbi?

Tsaya, Malam, kada ka juya shafi. Na san fuskar nan. Irinta mutum yake yi in aka ce masa wani ya yi digirin digirgir a kan dattin jikin bishiya.

Zo mu je gonarka. A ƙasar Dambatta take ko Makoɗa, Kunci ko Tsanyawa, ba za a rasa tsohuwar tsamiya ko ɗorawar da kakanka ya bari a tsakiyar gero ba. Zagaya ta ɓangaren da rana ba ta cika duka ba, ka ƙura wa ɓawon ido. Ka ga wani tabo-tabo, toka-toka mai sirkin kore, manne kamar an watsa farar ƙasa ta bushe? Shi nake nufi. Bai kai yawan na kurmin kudu ko duwatsun Jos ba, don mu mukan yi wata bakwai ba ɗigon ruwa, amma yana nan. Turawa suna ce masa laikin. A'a, ba wanda ɗanka yake roƙo a Facebook ba.

Ka ce ƙyasbi ne, bishiyar ce ta kamu, shi ne ma yake kashe ta? Haba, Malam, sharri ba sana'a ba ne. Mai shan jinin bishiya ai ka san shi, kauci ne, wanda yake huda reshe ya zuƙe ruwa. Mai kashe maka dawa kuma ƙuduji ne. Shi wannan bawan Allah ko saiwa ba shi da ita. Zaman da yake yi a kan ɓawo irin zamanka ne a dakalin maƙwabci da la'asar: wurin zama ka ara, ba tuwonsa ka ci ba. Ruwansa daga sama da raɓa, gishirinsa daga ƙurar da hunturu yake kawowa. Ka ce to me ya sa ya fi yawa a bishiyar da ta fara bushewa? Don ganye ya ragu, haske ya samu. Ganin ungulu a kan mushe ba shi ne shaidar ita ta kashe jakin ba.

Abincinsa kuwa a gida ake dafawa, kuma nan ne za ka fara cewa tatsuniya nake maka. Wannan tabo ba halitta ɗaya ba ce, gida ne guda. Akwai maigida, wani irin fumfuna ɗan uwan naman kaza, shi yake gina ɗaki, ya yi rufi, ya tare zafin rana, ya riƙe laima. A cikin ɗakin akwai uwargida, ƙwayoyin gansakuka 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, su suke haɗa hasken rana da iska da ruwa su fitar da sukari, kowa ya ci. A wasu gidajen ma uwargidan irin wadda take kamo takin naitirojin daga iska ce, aikin da kake gode wa gyaɗa da wake a kansa.

Ka ce ƙarya ce? Sannu da zuwa, an riga ka. A 1867 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya ce ya leƙa da madubin ƙara girma ya ga halittu biyu ne a haɗe. Manyan masana laikin na zamanin suka yi masa ca, suka shekara da shekaru suna masa dariya. Yau ɗan sakandare ma in ya musa sai ya faɗi jarrabawa. Gardamarka ta makara da fiye da shekara 150, kuma waɗanda suka fara ta sun sha kaye.

Abin da har yau ake ja-in-ja a kai shi ne irin zaman. Aure ne? Shi Schwendener ubangida da bayi ya gani. Wasu suka ce a'a, noma ne: fumfuna manomi, gansakuka shukarsa, ya killace ta, ya ba ta ruwa, ya ci amfanin. Ni wannan ta fi kwanta mini, don ta mai da shi abokin sana'arka. Sai dai dokar raɗa suna ta masana ta tona asiri: sunan laikin na fumfuna ne shi kaɗai. Wato gidan Malam wane, alhali ba a taɓa ganin Malam wane a gindin murhu ba. Kada ka kalle ni, ba da kai nake ba.

Kuma ashe gidan da kishiya. A 2016 Toby Spribille da abokan aikinsa suka buga wani bincike a mujallar Science a kan laikin iri biyu da suke reto a bishiyoyin jihar Montana ta Amurka. Ɗaya ruwan ƙasa ne, mutanen asalin yankin suna cinsa tun kaka da kakanni. Ɗaya yana da rawaya-rawaya, kuma da guba. Aka duba ƙwayoyin gadonsu, sai ga maigida ɗaya, uwargida ɗaya. To daga ina gubar? Da aka tsananta bincike sai aka iske wani irin yis a ɓoye cikin rufin ɗakin, kuma ya fi yawa a mai gubar. Kusan ƙarni ɗaya da rabi masana suna shiga gidan nan suna fita, ba wanda ya lura da ita. Har yanzu suna musu: matar gida ce, ko 'yar haya ce da ake samu a wani gidan a rasa a wani? Ka ga masu digiri ma suna da gulmar unguwa.

Ka ce to ai duk tabo tabo ne, iri ɗaya? Haka ɗan birni yake cewa dawa dawa ce, sai ka yi masa dariya don bai san kaura da farafara ba. Irin laikin da aka raɗa wa suna a duniya sun kai wajen 20,000. A 2014 Robert Lücking da mutanensa suka ɗauki wani laikin na Kudancin Amurka da kowa ya yarda iri ɗaya ne, suka bi ƙwayoyin gadonsa, sai ga aƙalla iri 126 suna amsa suna ɗaya. Gabashin Afirka ta samu littafinta na manyan laikin tun 1988, aikin Swinscow da Krog. Namu na ƙasar Hausa kuwa ba a yi masa irin wannan ƙidaya ba. Ɗalibin Jami'ar Bayero da zai ɗauki madubi da 'yar wuƙa da ambulan ya bi gonakin Bichi da duwatsun Kazaure, fili ne a gabansa ba mai shuka.

Na ji ka. Ka ce duk wannan me zai ƙare ka da shi, ana sayar da shi a kasuwar Dambatta ran Lahadi? Bari in tambaye ka. Takardar nan ta litmos da aka ba ka a ɗakin gwaje-gwaje, wadda take komawa ja in ta taɓa ruwan tsami, daga ina rininta? Daga laikin. Turarukan Faransa masu tsada, da yawansu da ruwan wani laikin da ake kankarowa daga bishiyoyin Turai ake kama musu ƙamshi. In ka je Makka ka ci shinkafar Larabawa ka lashe hannu, mai yiwuwa ka ci shi, don akwai busasshen laikin a kayan ƙamshinsu, suna ce masa shaiba, wato furfura. Misirawan zamanin Fir'auna har cikin gawa suke cusa wani irinsa in za su adana ta, kuma sunansa a bakin masana Pseudevernia furfuracea. Ka ji furfura a ciki ko? Na so in ce daga Hausa suka sata, sai dai a Latinanci dusa kalmar take nufi.

Sinadaran da aka samu a jikin laikin sun haura 1,000, yawancinsu ba a samun su a wata halitta. Ɗaya daga ciki, asid ɗin usnik, an ware shi tun 1844, kuma yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Tsaya! Ajiye wuƙar. Na ga har ka fara lissafin a sassaƙo a jiƙa a sha. A 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani maganin rage ƙiba mai wannan sinadari, bayan ya lalata hantar mutane. A arewacin Turai kuwa da wani laikin mai rawaya ake yi wa kyarkeci guba. Ɗazu ka ce ba shi da amfani, yanzu kana so ka sha. Tsakaninka da shi kallo.

Kallon ma aiki ne. Tun 1866 William Nylander ya lura laikin ya ƙaurace wa bishiyoyin birnin Faris, sai a lambun Luksambur inda iska ta fi tsabta. Abin da ba shi da saiwa, duk abin da iska ta kawo shi yake sha, don haka hayaƙi mai farar wuta yakan kashe masu laushin cikinsu, wasu kuma su yi ƙiba inda warin taki ya yi yawa. Ma'aunin iska ne da ba ya neman batir.

Ka ce to naka ai ya mutu, tun watan Maris yake a ƙeƙashe? Barci yake. A 2005 hukumar sararin samaniya ta Turai ta aika iri biyu sama a kumbon Rasha, aka buɗe su a fili kusan kwana 15, ba iska, ba inuwa. Da suka dawo aka jiƙa su, suka ci gaba da girki. Zafin Kunci ne zai ba shi tsoro? Abin da ba ya iya wa shi ne gatari. Wasu irin na jikin dutse ko milimita ɗaya ba sa ƙarawa a shekara, tabon da bai kai tafin hannu ba sai ya girme ka. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙasar noman da ta kewaye Kano tun shekarun 1960, ya yaba wa manomanta kan yadda suke barin bishiya a gona duk da cunkoson jama'a. Kakanka ke nan aka yaba wa. Kai kuma mai gawayi ya taya tsamiyar, har ka ce ya dawo bayan girbi.

Kafin ya dawo, ɗauki butarka gobe da sassafe ka zuba wa tabon nan ruwa, ka tsaya minti biyu ko uku. In irin mai toka-toka ne, za ka ga kore ya taso ta ƙarƙashin rufin, uwargida ta farka ta hura wuta. In maƙwabci ya wuce ya tambaye ka dalilin da kake yi wa bishiya alwala, kada ka ambaci sunana.