Taragon Kara

A Ingila akwai dattawa masu furfura da ke sayen taragon jirgin ƙasa a cikin kwali, gutsi-gutsi, su raba dare suna manna shi da gam, sannan su ɗora shi kan ɗan layin dogo mai faɗin milimita 32 da suka shimfiɗa a lambun bayan gida. Har ƙungiya gare su, da mujalla.

Yaran Talata Mafara da Bakura da Maradun ba sa jiran kwali. Bayan girbi ga karan dawa nan a banza: a ɓare ɓawon, a yanka totuwar, a soke, a yanko taya daga tsohon silifas, a ɗaure tarago uku da zare. Injin kuwa bakin direba ne, ba ya shan komai sai fura.

Da yawansu ma ba su taɓa ganin jirgin ba. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya ja birki, kamar baƙon da aka ce masa tuwo ya ƙare. Har yau bai leƙo Mafara ba, balle Sakkwato. Don haka duk taragon da aka gani yana ratsa kasuwar Talata, wani ɗan firamare ne ya ƙera shi.