Zuwa ga Taubashina, Sabon Sarkin Binciken Achilafiya

Taubashi, barka da hutawa, ko da yake hutawar ce sana'arka tun tasowarmu. Labari ya iso mini cewa tunda ka dawo daga Kano da sabuwar waya da tabarau marar magani ka hana mutanen gida sakat. Wai kai ala dole sai ka shirya walimar gano mai kisa irin ta Turawa a gidanka da zarar an kai amfanin gona rumbu. An ce kullum kana ƙarƙashin darbejiya kana lalube a intanet, ka rasa wanda za ka zaɓa. Tunda girman kai ba zai bar ka ka tambayi na gaba da kai ba, ga shawara har gida.

Saboda masu karatun da Allah bai jarrabe su da taubashi irinka ba, ga yadda abin yake. Mai gida ya tara baƙi a kan abinci, a ce an kashe wani, kisan ƙarya. Kowa a ba shi matsayin da zai hau da sirrin da zai ɓoye, ɗaya daga cikinsu shi ne mai laifin, a yi ta titsiye juna da tambaya har a gano shi kafin a watse. Iri uku ne suka fi tashe. Dukansu sun fi ƙarfinka, amma bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko na kwali ne da ake shimfiɗawa a tebur irin na ludo, sunansa Cluedo, a Amurka kuma Clue. Wani makaɗin fiyano ɗan Birmingham ta Ingila, Anthony Pratt, shi ya ƙago shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Waddingtons ya fito da shi kasuwa a 1949. Mutum 6 ake zargi, makami 6, ɗaki 9. A zari kati ɗaya daga kowane kashi a ɓoye a ambulan, a raba wa 'yan wasa sauran, kowa ya yi ta tsame abin da ya tabbatar ba shi ba ne har amsa ta rage ita kaɗai. Amsar nan ɗaya ce daga cikin 324. Kai da lissafi kuwa duk Yankwashi an san tsakaninku: mutumin da za a cuce shi a canji a kasuwar Babura ya dawo gida yana yabon kirkin mai kaya. Ga shi wasan ba ya ɗaukar fiye da mutum 6, gidan da ke jikin kwalin kuma na masu hannu da shuni ne, mai ɗakin rawa da ɗakin karatu da ɗakin buga sunuka. Naka gidan zaure ne da tsakar gida da madafa da rumbu da turken awaki. In an yi tari a madafa, na ƙofar gida ya ji, ya kuma san mai tarin. Wane bincike ya rage?

Na biyu shi ne na ji ranka ya fi kwantawa da shi, don akwai cin ado a ciki. Kowa a aika masa takardar gayyata da sunan aro da irin shigar da zai yi. Wanda ya yi suna a Amurka, How to Host a Murder, mutum 8 cif ake shirya wa, kowa da ɗan littafinsa da zai riƙa karantawa kashi-kashi tsakanin cin wannan da cin wancan. Irinsa na yanzu akasari da dala ake saye a intanet, a sauke, a kai shagon kwamfuta a Kazaure a buga. To, taubashi, yaushe aka taɓa gayyatar mutum 8 a Achilafiya suka zo su 8? Ƙamshin miya kaɗai zai kawo maka unguwa guda, kowa da ƙanensa riƙe a hannu. Wanda ka ba takardar mai laifi kuwa, ranar ce zai tafi ɗaurin aure Roni, babur ya mace masa a hanya. Ku zauna ku yi ta neman mai kisan da ke can yana tura babur.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan abin da ke rubuce a takardun. Da Turanci suke, kuma labaransu ba sa wuce giya da caca da neman matar wani da rigimar gado. Ka miƙa wa matar yayanka takarda, a fassara mata cewa ita ce ke son direban gida a ɓoye. Kafin ka buɗe baki ka ce wasa ne ta ɗaure kayanta, sai an yi biko da turmin atamfa daga aljihunka. Ko ka ba Kawu tasa, wadda ta ce ya zuba wa ɗan'uwansa guba saboda gona, alhali maganar gonar fadamar nan tamu har yau ba a rufe ta ba. Sannan ka sa a shigo da kwanukan tuwo. Wa kake jin zai fara sa hannu?

Na uku shi ne wanda ba ka ko kalla ba saboda ba sai an saye shi ba, kai kuwa abin da ba ka kashe masa kuɗi ba ba ka ganin girmansa. Sunansa Mafia. Wani ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Mosko, Dimitry Davidoff, shi ya tsara shi a 1986. Ana raba 'yan ƙuri'u a naɗe. Biyu ko uku su ne miyagu, kuma sun san junansu. Sauran mutanen gari ne, ba su san komai ba. Mai gabatarwa ya ce dare ya yi, kowa ya rufe ido, miyagu su buɗe nasu su nuna wanda za su fitar. Akwai ɗan sanda da ake ba damar tambayar mai gabatarwa da ishara ko wane mugu ne, akwai likita mai ceton mutum ɗaya kowane dare. Gari ya waye, a buɗe ido, a yi ta musu, a kaɗa ƙuri'a a kori wanda aka fi zargi. In an kore miyagun duka, gari ya ci. In yawansu ya kamo na sauran, su suka ci. A 1997 wani Ba'amurke, Andrew Plotkin, ya sauya masa riga ya mai da miyagun kyarketai masu rikiɗa. Wasan waya na Among Us, wanda ya fito a 2018 ya game duniya a 2020 lokacin kullen korona, a kan wannan tubalin aka gina shi. Shi Mafia ba ya son Turanci, ba ya son lantarki, ba ya son dala. Daga mutum bakwai zuwa ashirin duk yana ɗauka, in wani bai zo ba a ci gaba. Tabarma da farin wata sun ishe ka.

Amma ko wannan ka ɗauka, ka fara daga inda bai kamata ba. Kafin zaɓen wasa akwai zaɓen mutane. Duk wasannin nan a kan abu biyu suke tsaye: ka dubi tsabar idon mutum ka ce shi ne mai laifi, kuma ka shirga ƙarya ba tare da ka ƙifta ido ba. Bature yana iya nuna surukinsa da yatsa a kan tebur su yi dariya. A gidanmu fa? Inna ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ta yaya za ta tuhume shi? Matarka ba ta faɗin sunanka sai dai ta ce mai gidan, ko baban wance. Surukinka in ya shigo zaure kai ne ke durƙusawa ka kafe ido a ƙasa, to da wane idon za ka gane yana ƙarya? Ka zaunar da waɗannan a da'ira ɗaya, kowa zai zargi wanda ya fi shi ƙanƙanta, har a kore yaran gida kaf miyagu suna zaune suna cin goro.

Hausawa sun daɗe da raba wanda za ka iya cewa ɓarawo ya yi dariya da wanda in ka ce masa haka sai an je gaban mai unguwa. Taubashi da taubashi, jika da kaka, ƙanen miji da matar wa, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi: waɗannan su ne 'yan wasanka. Ka tara taubasai da sa'o'inka a zaure, mata su yi nasu a cikin gida da ƙannen miji da jikoki, ka ga yadda zargi zai riƙa tashi ba wanda ya ƙullaci wani. Hawa matsayin wani ma ba daga Mosko muka fara jin sa ba. A wasan kalankuwa bayan girbi, samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a kamo mai laifi a yi masa shari'a a ci shi tara ana dariya. Yaran tashe daga goma ga azumi suna sa gemun auduga su zama tsofaffi. Abin da ka hau mota ka je birni ka gano, Kaka ta yi shi tun tana budurwa.

Sai maganar gawa. Cire ta. Nan ba a kwanciya a ce an mutu don nishaɗi. Tsofaffi za su ce kana kiran abin da baki, kuma ba za ka ƙara cin tuwon Kaka da daɗi ba. Ka kuma tuna katangarka ta zana ce. Yaron maƙwabta ya ji ana cewa an kashe Alhaji a madafa, ya ruga ya gaya wa uwarsa, ita ta tura saƙon murya a WhatsApp. Kafin ku kaɗa ƙuri'ar farko 'yan sintiri sun iso da gorori da fitilu, dangi na Gwiwa sun fara neman motar zuwa ta'aziyya. Ina so in ga bakinka lokacin da kake yi wa dagaci bayanin Anthony Pratt.

Kada kuma wayonka ya kai ka ga fassara kyarketai masu rikiɗa da mayu. Wannan ba da wasa nake faɗa ba. Kalmar maita in ta manne wa mutum a ƙauye, ko a bakin raha ta fito, tana bin 'ya'yansa har ranar neman aure. Ka mai da miyagun muzurai, mutanen gari kaji, zaurenka akurki. Kowane dare muzuru ya ɗauke kaza ɗaya, da safe sauran su nemi mai gashi a baki. Ɗan sanda ya zama karen gida, likita ya zama mai kaji. Babu gawa, babu guba, babu gado, kuma ka ga mai kaza a aljihu da idonka, yadda ba ya jimirin as.

Doka biyu ka kafa kafin a raba ƙuri'a. Ta farko, babu rantsuwa. Na san mutanenmu, da an matsa wa mutum sai ya ce wallahi ba ni ba ne, alhali shi ne, ya kwashi zunubi a kan kazar ƙarya. Duk wanda ya rantse ya fita, ya biya tarar ƙullin ƙosai. Ta biyu, abin da aka faɗa a akurki ya tsaya a akurki. Wanda aka kora bisa kuskure kada ya je gona gobe yana hararar wanda ya nuna shi.

Mai gabatarwa kuwa, don Allah ka nemi wani. Shi kaɗai ne ya san muzurai tun daga farko, kuma dole fuskarsa ta zauna daram. Kai cikinka da sirri kamar rariya ne da ruwa. Ranar da aka sa ka riƙe maganar kai kuɗin auren ƙanwarmu, kafin la'asar mai shayin bakin titi yana yi mana murna. In kai ne mai gabatarwa, da ka ce gari ya waye za ka dubi muzuru ka fashe da dariya. Ba Kaka wannan kujerar. In ka bar ta cikin 'yan wasa ma wasan ba zai yi nisa ba, don ita ta yi wa rabin zauren wanka da goyo, ta san yadda kunnen kowa ke motsi in zai yi ƙarya. Kai naka aikin ɗaya ne, kuma shi ne ginshiƙin walimar: ka shigo da abinci. A yi dambu da zogale, a soya wainar gero, a dama kunun gyaɗa, a sanyaya zoɓo a randa. A yanka zabi na gaske, ba irin na sunan ɗanka ba da muka yi ta bincike a miya har aka watse ba a gano nama ba. Wancan binciken ko Sherlock Holmes ne ya zo da kansa sai ya ɗaga hannu.

Hukuncina ke nan: bar kwalin Ingila a kanti, bar takardun Amurka a intanet, ka yi muzuru da kaji a daren farin wata tsakanin abokan wasa, ka kuma sanar da mai unguwa tun da rana. Kuɗin da ka ware don sayen wasan ka sayi zabi da rabi, sauran ka aiko mini, kuɗin sharar cika-cikin bara ne da ka danne. Ka ajiye mini wuri kusa da kwanon nama. Kuma ka sani tun yanzu, ko wace ƙuri'a ka zara, kai zan fara nunawa.