Bawana Bakano da Fijonsa Mai Gasa Ƙafa

Bawana na Rijiyar Zaki, gaisuwa daga birnin Zazzau. Ba sai ka durƙusa ba, na yafe maka saboda gwiwa.

Labari ya iso mana cewa tsohuwar Fijo 504 ɗin nan da ka gada, wadda ka ƙi sayarwa ka kuma ƙi kashe mata ko sisi, ta fara gasa maka tafin ƙafa. An ce in ka taso da azahar, kafin ka kai Kabuga ƙafarka sai ta yi shawara da kai kafin ta taka kuloci. An ce kuma iyalinka sun daina yi maka magana a hanya, sai dai nuni da hannu, don ƙarar ta fi ƙarfin makogwaro. Ban yi mamakin yadda ka jure ba. Wanda ya tashi a gindin tanderun gurasa, in ya shiga wani tanderun mai taya huɗu ai gida ya dawo.

Abin da ya sa na sa baki, motar nan 'yar ƙasarmu ce. Faransawa suka fito da ita a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta cinye gasar Safari ta Kenya a 1975. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, wato cikin ƙasar Zazzau, in ka manta. Faransa ta daina ƙera ƙirar salun a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan nan. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. Mu muka raine ta, ku naku saye da neman ragi. Yanzu ga ta a hannunka tana jigilar taki zuwa 'yar gonar da masu yanka fuloti suka rage maka, ran Juma'a kuma a wanke ta da rabin bokiti a tafi masallaci.

Na ji maganin da ka yi mata. Ka shimfiɗa kwalin taliya a ƙasa, ka bi da guntayen tsohuwar katifa, sannan wani ɗan'uwanka a rowa ya ba ka shawarar ka liƙa baƙar takardar kwalta ta toshe yoyon rufin gida, wai da ita da ta mota duk uwa ɗaya uba ɗaya. To saurara. Soson katifa shan ruwa yake. Damina ɗaya a hanyoyin gonakin Ungogo, ruwa ya shigo ta ƙasa, soson ya riƙe shi ya hana shi bushewa, tsatsa ta ci ƙarfen a ɓoye, wata rana ka ga titin Gwarzo yana wucewa tsakanin ƙafafunka. Kwali kuma a saman inda salansa ta bi, ai itacen girki ka tara. Ita kwalta, a watan Afrilu da zafin Kano ke kai digiri 40, mota a rufe cikin rana kuma ta haura 60, laushi take yi, ta zame daga jikin ƙarfe, ta cika motar da wari. Babbar rigar da ka yi kwana uku kana ciniki a Kantin Kwari ita za ta fara shaida.

Aikin gaskiya daga tsiraita motar yake farawa, kuma na san nan ne zuciyarka za ta fara bugawa. A cire kujeru, a ɗaga kafet, a kwashe tsohon abin da masana'anta ta shimfiɗa, wanda ya riga ya zama gari. A kankare tsatsa, inda ya huje mai walda ya toshe, a shafa jan fenti. Sannan a zo bangon da ya raba inji da ɗakin mota. Akwai ramuka a jikinsa inda wayoyi da kebul da sandar sitiyari suka ratsa, kowanne da 'yar robarsa. A motarka robobin nan sun bushe sun faɗi tun zamanin Shagari. Ta nan iska mai zafi da kukan inji suke shigowa kai tsaye, kuma toshe su ya fi komai araha, abin da na san zai faranta maka rai. Haka robar ƙofa da ta gilashi da ta gindin giya. A kasuwar Ƙofar Ruwa za ka nema, ka kuma ji tsoron Allah wajen tayi.

Salansarka ma a duba ta. Wannan ba wasa a ciki: hayaƙin da ke tsiyaya daga fasasshiyar salansa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, tana kisa. Gyangyaɗin da kake yi a sitiyari, da muke ɗorawa kan tuwon dare, wataƙila ba laifin tuwon ba ne. A gyara ta, a sa mata farantin ƙarfe ko na alminiyam tsakaninta da ƙasan mota, a bar ɗan fili iska na ratsawa. Zafin da aka tare tun daga waje ya fi wanda ake kokawa da shi bayan ya shigo.

Sai shimfiɗa. Iri biyu ce, kowacce da aikinta, kuma mutane na rikita su. Ta farko roba ce mai nauyi mai danƙo, ana ce mata butil, bayanta da takardar alminiyam. Aikinta hana ƙarfe rawa. Ƙwanƙwasa ƙofarka da yatsa ka ji yadda take amsawa. In an liƙa butil, amsar sai ta mutu. Ga albishir: ba sai an rufe ko'ina ba. In aka sa a tsakiyar kowane faffaɗan ƙarfe, kamar kashi ɗaya cikin uku, an samu yawancin amfanin, muddin an goge maiƙo an kuma danne ta sosai ba a bar iska a ƙarƙashi ba. Na ga idonka ya buɗe. Ta biyun soso ne mai toshasshen ido wanda ba ya shan ruwa, shi ke tare zafi, shi ake shimfiɗawa ko'ina ba gibi, musamman bangon inji da tudun nan na tsakiya. Fijo 504 da tayoyin baya take ja, giyabos da sandar da ke kai ƙarfi baya suna ƙarƙashin tudun, shi ya sa ƙafar da ke jingine da shi ta fi dahuwa. A bisa soson sai kafet ya koma.

Kada a manta da sama. Rana ba ta ƙasa take dukan mota ba. Mai ɗinkin kujera ya sauke silin, a liƙa soso mara nauyi da gam mai jure zafi. In ka sayi gam ɗin rowa, ranar da ka ɗauko surukai silin zai sauko ya yi musu lulluɓi. A ƙofofi kuwa, akwai 'yan ramuka a can ƙasa da aka bari don ruwa ya fita. Na san hannunka, ba ka ganin abu a buɗe ka ƙyale, amma waɗannan ka bar su.

Ban ce za ta koma sabuwa ba. Siraran gilasanta na nan, iska za ta yi ta fito a gefensu, kuma in robobin da inji ke zaune a kai sun mutu, ko tayoyinka huɗu kowacce daga gida daban, shimfiɗa ba za ta rufa maka asiri ba. Baƙin gilashi ma da kake sha'awa sai da izinin 'yan sanda, kai kuwa takardun motar ma ban tabbata ɓera ya rage ba. Inuwar darbejiya kyauta ce, ita na san ba za ka bari ta wuce ka ba.

Abu ɗaya nake tausaya maka. Shekara da shekaru ƙarar nan ce garkuwarka. Uwargida ta kawo maganar kuɗin cefane, ka nuna kunne ka girgiza kai. Ɗan'uwa ya roƙi rance tun daga Rijiyar Zaki har Janguza, ka ce inji ya cinye maganar. Ranar da motar ta yi shiru, duk za ka ji su tar. Ni ne zan fara shiga gaba, mu kama hanyar Gwarzo, mu tattauna kuɗin sharar da kake ta yi mini kwana-kwana a kai, tare da ladan wannan shawara. Ka taho da gurasa, amma ka ɗora ta a kan cinya, kada ka ajiye ta a ƙasa ta ƙone.