Allah Ya Ƙara Basira, Fasihan Birnin Gwari

Masu yawo da maganar cewa fasaha ta mutu a Birnin Gwari su je su nemi gafara. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa tara mawaƙa irin na yanzu ba. A da, kafin a kira mutum mawaƙi sai ya yi shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa ganga, ya yi amshi har muryarsa ta dushe, ya haddace asalin gidaje da kirarin kowace sana'a. Yau Allah ya kawo sauƙi. Yaro zai sayar da buhun masara, ya hau mota zuwa Kaduna, ya shiga situdiyo da hantsi, kafin la'asar ya fito da waƙa a waya da laƙabin sarauta a gaban sunansa. Wannan idan ba ci gaba ba ne, to mene ne?

Abin da ya fara burge ni da su shi ne tattali. Duk wanda ya taɓa zama a irin ɗakunan nan ya san tsarin. Mai fiyano yana gaban kwamfuta, ko ɗagowa ba ya yi, sai dai ya tambaya, "Na siyasa ne ko na biki?" Ya danna kiɗan da ya sayar wa mutum goma kafin kai. Fasihi ya zaro takarda daga aljihu, baituka a shirye, an bar gurbi inda suna zai shiga. Bana sunan kansila ne a wurin, baɗi na ciyaman, idan rabo ya rantse har na ɗan majalisa. Ranar da Honorabul ya sauya sheƙa kuwa, kalma biyu kawai za a goge a sa wasu, waƙa ta koma sabuwa fil. Muryar ma ba abin damuwa ba ce, akwai na'urar da ke miƙe ta. Mamman Shata ya rasu a 1999 bai san wannan hikima ba, bawan Allah, kowane mutum sai ya ɓata lokaci ya ƙera masa tasa waƙar daban.

Sai kuma sanin kasuwa, wanda a nan ne suka yi wa iyayensu fintinkau. Kiɗan ƙasar nan a da yana da masu shi. Gangar noma ta manoma ce, ita ke tashin samari ranar gayya. Kalangu na mahauta ne, inda duk aka kayar da sa yana nan. Maharba da 'yan tauri suna da nasu, kuma daji ne filinsu. To, gona ta koma sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Kasuwar kara ta yi shekaru a rufe. Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999 don a riƙa zuwa kallon namun daji, ya samu sababbin mazauna waɗanda ba sa son kiɗa kusa da su. Wani mara wayo da sai ya zauna yana kukan abin da ya ɓata. Namu suka duba gabas da yamma, suka ga mai saye ɗaya ne ya rage, wato ɗan siyasa, suka tattara hajarsu suka kai ƙofar gidansa.

Amma babbar baiwarsu, wadda ya kamata a riƙa koyarwa a makarantu, ita ce kawaici. A watan Mayun 2018 an shiga ƙauyen Gwaska an kashe mutane sama da 40. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda ba ta fi tafiyar awa biyu ba a lokacin lafiya, ta zama sai an jira rakiyar sojoji, direba ya yi sallama da iyalinsa kafin ya doshi Buruku da Udawa. 'Yan Ansaru sun yi zamansu a yankin Damari har suna wa'azi. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layin waya na kusan wata biyu, uwa ba ta iya jin muryar ɗanta da ke wani gari. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya yi ta faɗa wa duniya halin da talakawansa ke ciki. Duk wannan ya wuce ta gaban fasihanmu, suka danne zuciya, suka kame bakinsu. Ka san irin tarbiyyar da mutum ke buƙata kafin ya ga haka ya ci gaba da rera cewa maigidansa ya share hawayen talaka?

Ɗan Maraya Jos ba shi da wannan haƙurin, shi da har karen mota ya yi wa waƙa. Ɗan Anace ya ƙarar da basirarsa a kan Shago, ɗan damben da ba shi da kwangilar da zai ba kowa. Da su ne a nan, da sun cika mana kunne da labarin direban da ya ɗauko marasa lafiya ya ratsa daji, ko ɗan sa-kai da ya fita da bindigar toka bai dawo ba. Wa zai biya? Direba bai da alat, ɗan sa-kai kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Na ji wasu suna ba su uzuri da cewa tsoro ne ya hana su. Wannan ƙasƙanci ne ga jarumai. Wanda ke kwana a Randagi ko Dogon Dawa idan ya yi shiru, kowa ya san dalili, ba kuma mai ganin laifinsa. Amma fasihanmu a Kaduna da Kano suke ɗaukar murya, inda ba harsashin da zai iso. Ba dajin suke tsoro ba ko kaɗan. Fuskar maigida kawai suke kiyayewa, kada ya ji baitin da zai tuna masa da mazaɓarsa yana tsakiyar cin abinci. Wannan ladabi ake kiransa.

Har marigayi Gambo mai waƙar ɓarayi sun fi shi iya zama da mutane. Shi ya fito fili ya faɗi waɗanda yake yi wa waƙa, ya kira sana'arsu da sunanta, shi ya sa har ya koma ga Allah wasu ke yi masa kallon banza. Namu ba sa irin wannan gatsali. Wanda ya cinye kuɗin rijiyar ƙauye, a bakinsu kogi ne mai shayar da bayi.

Da aka yi sulhu da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kara a watan Nuwamban 2024, shanu suka dawo, motoci suka fara bin hanya, mun gode wa Allah. Nan fa bakin da ya yi shekara goma a ɗinke ya buɗe. Waƙoƙin zaman lafiya suka yi ta zuba. Baƙon da ya san Birnin Gwari ta waƙoƙinta kaɗai zai rasa gane kan zancen: lafiya ta dawo daga ina, alhali bara da bara waccan ma an ce masa ana cikin ni'ima?

Kada a manta da iyayen gida, su ma suna da kaso a wannan lada. Idan wani yaro ya kuskure ya zo da baitukan ƙauyensu da aka tasa, su ne ke dafa kafaɗarsa su ce, "Ɗana, kana da basira, amma wannan ba ta sayuwa." Su ba shi kuɗin mota, su rubuta masa sunan da zai sa. Da haka ake gyara yara tun suna ɗanye, kuma ga shi sun gyaru.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da suna kana da ɗan abin hannu, ka hanzarta. Ba a tambayar abin da ka taɓa yi wa kowa, gurbin yana nan a takarda. Ka dai biya kafin kakar zaɓe ta kankama, don farashi tashi yake yi.