Tafkin Wanka a Gidan Ɗan Ci-rani: Abin da Kaka Take Yi wa Ruwan da Aka Bari a Buɗe

Kaka a arewacin Adar, wato lokacin da ke tsakanin ɗaukewar ruwan sama a ƙarshen Satumba da kankamar sanyin hunturu a Disamba, lokaci ne da duk wani abu mai laima yake fara sallama da ƙasar, domin ruwan da ke sauka a kewayen Tahoua bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma kusan dukkansa cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba, alhali abin da rana da iska suke iya kwashewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya haura mita biyu. Wannan ne ya sa dabarar mutanen Affala da Barmu da Takanamat game da ruwa ta ginu a kan ɓoye shi: rijiya mai zurfi da ƙaramin baki, randa a inuwa da faifai a kanta, jarka a ƙarƙashin buhu. Hatta aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya, yawancin ganuwar duwatsun da ya jera a kan tuddai an yi su ne don ruwa ya tsaya ya nutse cikin ƙasa kafin rana ta gan shi. Tafkin wanka, wanda 'yan birni ke kira pisin, akasin wannan hikima ne gaba ɗaya, tun da yake rami ne mai daɓen siminti da ake cikawa da ruwa mai tsabta a shanya shi a rana, ba don sha ko ban-ruwa ba, sai don mutum ya shiga ya jiƙe ya fito.

Irin wannan gini ba ya zuwa ƙauye da ƙafarsa, ci-rani ke kawo shi. Adarawa sun daɗe da suna wajen tafiya nema bayan girbi, wasu Abijan, wasu Najeriya da Kamaru, wasu Libiya da Aljeriya, kuma kowa yakan dawo da abin da idonsa ya ƙyalla a can, daga rufin kwano zuwa babur da farantin sola. Maigidan da wannan bayani ya shafa, wanda aka sakaya sunansa saboda surukansa suna nan da rai, ya yi shekaru yana gadin wani gida a unguwar Kokodi ta Abijan, inda kowace safiya yakan ga yaro yana jan koma a kan ruwa mai shuɗi yana tsame ganye, har ya yanke hukunci a ransa cewa aikin tafki bai wuce koma da haƙuri ba. Da ya dawo gida ya sayo simintin Malbaza, ya sa aka haƙa rami a bayan ɗakinsa mai tsawon mita 6, faɗin mita 3 da zurfin mita ɗaya da rabi, wanda a lissafi yake cin lita 27,000, wato tano 135 idan aka ƙirga da tanon nan mai lita 200 da ake ɗorawa a amalanken jaki. An cika shi a watan Agusta, rabi da ruwan indararo rabi da gumin jakunan gari, kuma muddin damina tana nan abin ya yi kyau ƙwarai, har majalisar shayi ta taso daga ƙofar gida ta koma bakinsa.

Da kaka ta gabato, maigidan ya nemi ilimi a wayarsa, inda ya kalli bidiyon Turawan Faransa suna bayanin yadda ake kula da tafki a nasu lokacin kaka, kuma dukkansu bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa babban abokin gaba shi ne ganyen da itatuwa ke zubarwa. Ya ɗaura koma a kan doguwar gora ya tsaya a shirye. Sai dai itacen da ke tsakar gidansa gawo ne, shi kuwa gawo, kamar yadda kowane yaro mai kiwon awaki ya sani, da damina yake kaɗe ganyensa, da kaka kuma ya fara tofo, don haka mutumin ya kwashe makonni yana tsaron ganyen da a lokacin ne ma yake fitowa. Abin da ya zo a maimakon ganye shi ne ƙaiƙayi, wato ɗan ƙurar kan gero mai tsini da ke tashi idan mata suna sussuka da shiƙa. Iskar wannan lokaci daga arewa maso gabas take busowa, masussukar unguwar kuma, bisa ƙaddara, arewa maso gabas da gidan take. Ƙaiƙayin yakan sauka a hankali ya lulluɓe fuskar ruwan da wata fatar rawaya, idan aka jawo koma sai ya bi ta idanunta ya fice, ya sake haɗuwa a bayanta kamar ba a taɓa shi ba. Ƙanen maigidan, wanda shi ya fara shiga ruwan a wannan hali don nuna wa samari iyo, ya fito yana susa da hannu biyu, ya ƙarasa da goga bayansa a jikin gawon, kuma tun daga ranar bai ƙara tambayar lafiyar tafkin ba.

Matsala ta biyu ta fi taɓa zumunci. Maigidan ya lura ruwan yana raguwa kullum, ya ja layi da gawayi a jikin siminti, washegari ya tarar ruwan ya sauka ƙasa da layin, jibi ma haka, sai ya tara iyalinsa ya yi jawabi mai tsawo a kan amana, yana kallon masu wanke-wanke da gefen ido. Ya kwana a bakin tafkin da fitila da sanda, sauro ya yi masa rakiya har asuba, bai kama kowa ba, amma da yamma ruwan ya sake sauka. Bayanin abin kuwa ba ya buƙatar boka: fuskar tafkin murabba'in mita 18 ce, kuma a ranar zafi mai busasshiyar iska abin da ke tashi sama a matsayin tururi yana iya kusantar santimita guda, wanda a wannan faɗi ya kama lita 180, kusan tano ɗaya ke nan a yini. Uwargidan ce ta rufe shari'ar tana tankaɗe, ba tare da ta ɗaga kai ba, inda ta ce, “Alhaji, ɓarawon nan naka da tsakar rana yake zuwa, kuma ta sama yake shigowa, sai ka ɗauki sandar ka jira shi can.”

Kafin a gama da ɓarawo, ruwan ya fara canza kamanni daga shuɗi zuwa ruwan toka, daga nan zuwa kore shar. Gansakuka ce, wato ƙananan tsirrai da ke yaɗuwa cikin ruwa mai ɗumi idan ya samu rana da ɗan abinci, ƙaiƙayi da ƙura kuwa sun wadata ta da abinci. Maganinta a tafkunan birni abu biyu ne. Na farko injin tacewa, wanda ya kamata ya yi awoyi yana juya ruwan kowace rana, amma na wannan gida da farantin sola guda yake aiki, farantin da yake cajin wayoyin rabin unguwa, kuma ƙura takan rufe shi kafin hantsi. Na biyu sinadarin kulorin, wanda aka fi sani a ƙauye a cikin ruwan Javel na wanki, kuma masana suna so a riƙe shi tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, sai dai hasken rana yana lalata shi cikin awoyi kaɗan, ta yadda abin da aka zuba da safe kafin la'asar ya zama labari. Akwai kuma ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, kuma kulorin ya fi aiki idan ma'aunin yana tsakanin 7.2 da 7.6. A nan ne mahaifiyar maigidan ta shigo da nata ilimin, domin a ganinta babu abin da ya lalace a duniya wanda kanwa ba ta gyarawa, daga wake mai tauri zuwa cikin doki, don haka ta aiki jikanta da ƙwarya guda ya juye a ciki ba tare da shawara ba. Kanwa tana ɗaga wannan ma'auni sama, kulorin ya rasa ƙarfinsa, ruwan ya ƙara da yin dishi-dishi a kan korensa. Da ɗan ya je yin ƙorafi cikin ladabi, ya durƙusa ya ce, “Inna, ai ruwan ba miya ba ne,” ta amsa masa da cewa ita dai da idonta ta ga miyar kuka, kuma ba ta taɓa ganin an yi ta babu kanwa ba.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan muhawarar da ta biyo baya, domin ita ce mafi zurfin ilimin da tafkin ya haifar. Malamai biyu na majalisar sun saba alwala a bakinsa idan la'asar ta riske su, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi bayani filla-filla a kan ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita. Malami na farko ya kafa hujja da cewa ruwan da ya canza saboda abin da ya tsiro daga cikinsa, irin gansakuka, yana nan da tsarkinsa, amma wanda ya canza saboda wani abu da aka kawo daga waje aka zuba, ko da abin mai tsarki ne, ya dace da wanki bai dace da ibada ba, wanda ke nufin cewa ruwan ya halatta a ranakun da ya fi muni, ya kuma haramta a ranakun da maigidan ya kashe kuɗi ya gyara shi. Na biyu ya ce ai ruwan famfon birnin Tahoua ma da irin wannan magani ake tsabtace shi kuma ba wanda ya sake sallarsa. Sun yi mako guda suna kai da komowa, kowa yana aiko da littafi, suna shan shayin mai gida, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki koma ko sau ɗaya.

A watan Oktoba ƙananan tafkunan daji suka fara ƙafewa, mazaunansu suka shiga neman wurin ƙaura. Kwaɗi ne suka fara isowa, a daren farko 'yan kaɗan, bayan mako guda kuwa kukansu ya hana a ji rediyo. Fara da ƙwari masu bin fitila suka riƙa faɗawa, zuma ta kama gefe guda ta hana yara wucewa, sannan aka ga wasu ƙananan halittu suna wutsil-wutsil a ƙarƙashin fatar ruwan, waɗanda ma'aikacin lafiya da ya zo rabon maganin rigakafin zazzaɓin yara ya duba ya ce 'ya'yan sauro ne. Ya bayyana cewa sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana goma zuwa mako biyu, kuma ƙarshen damina da farkon kaka su ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane, sa'annan ya ƙara, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa gwamnati tana raba gidan sauro, Alhaji kuma ya gina wa sauron gida na siminti. Shawarar da majalisa ta bayar ita ce a kawo kifi ya cinye tsutsar, aka yi sallahu daga tafkin Tabalak da ke kan hanyar Abalak, aka zo da 'yan tarwaɗa a cikin jarka. Tarwaɗa ta yi aikinta, amma daga ranar ba a ƙara iya zuba ruwan Javel ba sai an kashe ta, kuma ita da kanta ta riƙa tayar da lakar ƙasan tafkin, don haka maganin sauro ya rufe ƙofar maganin gansakuka.

Sauran baƙin masu ƙafa huɗu ne. Bayan girbi garkunan da suka yi damina a Azawak sukan gangaro kudu su bi karan gonaki, dabba kuwa tana jin ƙanshin ruwa tun daga nesa, shi ya sa wata safiya aka ga kan raƙumi ya leƙo ta saman katanga yana nazarin tafkin cikin natsuwa. Katangar ta hana raƙumi, amma ba ta hana akuyar maƙwabci ba, wadda ta bi ta magudanar ruwa ta shigo, ta miƙa wuya, santsin gansakuka ya kwashe ta. An tsamo ta da komar nan, wanda shi ne karo na farko da komar ta kama wani abu, ta fito kore tana atishawa. Maƙwabcin ya kai ƙara gaban maigari yana neman diyyar nonon da ya ce ya ɗauke saboda firgita, maigidan ya nemi diyyar ruwan da ta sha, maigari ya saurari duka biyun ya ce a bar wa juna, amma ya umarta a kewaye ramin da ƙaya a yi masa ƙyaure tun kafin abin da ya sami akuya ya sami yaro, kuma wannan ita ce magana mafi hankali da aka yi a kan tafkin tun da aka haƙa shi.

Disamba ta zo da hazo. Ƙurar hunturu, wadda babban masominta yake kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta riƙa sauka dare da rana tana kwanciya a ƙasan ruwan, sanyin asuba ya sa kowa ya koma bakin wuta, ba mai sha'awar wanka da ruwan randa balle iyo. Maigidan, da ya ji ana raɗe-raɗin cewa bai taɓa shiga tafkin nasa ba, ya tara majalisa wata safiyar Juma'a ya tuɓe riga ya sauka, ruwan da ya rage ya tsaya masa a gwiwa, ƙafarsa ta nutse cikin laka, tarwaɗa ta soke shi a ɗan yatsa, ya fito haƙoransa suna kaɗawa yana cewa ruwan da daɗi. Ya yi kwanaki yana fama da mura.

Kafin ya warke, uwargidan ta sa yara sun kwashe sauran ruwan sun ba tumaki, an soya tarwaɗar an raba wa maƙwabta har da mai akuya, lakar da ta taru daga ƙura da ƙaiƙayi da kashin kifi kuma aka ƙara mata ƙasa da taki aka shuka latas da albasa 'yar Galmi, waɗanda bangon ramin ya kare daga iska, shingen ƙaya ya kare daga awaki. Ita take sayar da latas ɗin, ita take riƙe kuɗin, maigidan kuwa har yanzu mai amalanke yana bin sa kuɗin tano goma sha biyu.