Ƙayar da Ta Bi Ni Sallar Idi

A birnin Edmonton na ƙasar Kanada, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, duk abin da na shuka a bayan gida sai ya ce ga garinku nan. Yakuwa ta tafi, kuɓewa ko fure ba ta yi ba. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya, ta ji tausayina ta miƙo mini ɗan tsiro a gwangwani. Kaktus ne mai suna Opuntia fragilis, kowace gaɓarsa ba ta wuce babban yatsa ba. Ta ce a daji yake fitowa har can yankin kogin Peace, kuma duk duniya babu kaktus da ya kai shi kutsawa arewa. Yashi da tsakuwa da rana kawai yake nema, ruwa mai kwanciya ne ajalinsa.

Abin da baiwar Allah ta ɓoye mini shi ne ƙayarsa iri biyu ce. Dogayen kowa na gani. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi masu ƙugiya, su shiga fata su ƙi fita. Daren ranar da na dasa shi uwargida ta yi ta liƙa mini salatif a yatsu tana fizgewa, tana cewa, "Baban Hanifa, mazan mutane fa tumatir suke shukawa."

Da hunturu ya kawo kai, tsiron ya yamushe ya kwanta. Na je wa tsohuwa da labarin rasuwa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe da gangan yake rage ruwan jikinsa, don kada ƙanƙara ta fasa shi. Dusar ƙanƙara na narkewa ya sake cika, ɓul-ɓul.

Ranar Babbar Sallah ya yi fure mai launin rawaya. Na tsuguna da babbar rigata ina yaba ikon Allah. To, shi wannan tsiro, da an taɓa shi gaɓa take ɓallewa ta maƙale a gashin dabba kamar ƙarangiya, inda ta faɗi nan za ta tsira. A ranar ni ne dabbar. Sallah dai ta wuce lafiya, don rigar tana da faɗi. Liman na fara huɗuba na gyara zama sosai, sai na miƙe zumbur da salati, hawaye shaɓe-shaɓe. Wani dattijo Basomale ya dafa ni yana "Masha Allah, masha Allah", a zatonsa wa'azi ne ya ratsa ni.

Uwargida ce ta tuƙo mu gida, ina kwance ruf da ciki a kujerar baya, yara na ƙunshe dariya. Naman layya ma a tsaye na ci.

Jama'a, tsiron yana da kyau, sanyi kuma ba ya ko gezau da shi. Amma ku dasa shi nesa da hanya, ku riƙa kama shi da awartaki, kuma mai babbar riga ya gaishe shi daga nesa.