Idan Sabuwa Ta Sauka Farm Centre

Kusan duk shekara a watan Satumba, da misalin ƙarfe shida na yamma agogon Najeriya, lokacin da ladanai ke gyaran murya don kiran magariba, shugabannin kamfanin Apple kan fito daga Cupertino ta jihar Kalifoniya su nuna wa duniya sabuwar iPhone. Kamfanin ba shi da kanti nasa na kansa ko ɗaya a faɗin Afirka, sai dillalan da ya amince da su. Wannan bai taɓa hana zazzaɓin sabuwar wayar isowa Kano a daren ba. Kafin gari ya waye, wayar da ke aljihun mutum ta zama tsohuwar yayi. Ba abin da ya same ta. Tana kira, tana hoto, tana tura kuɗi. Lambarta ce kawai ta tsaya, ta duniya ta ƙaru da ɗaya.

Mai son ganin yadda zazzaɓin nan ke kama 'yan Adam, ya nemi benci a bakin wani shago a kasuwar waya ta Farm Centre cikin makonnin da ke biyo baya. Titin Beirut ma zai yi, haka Banex a Abuja ko Computer Village ta Ikeja, amma na Kano sun fi daɗin kallo, domin mu ba mu iya sayen abu shiru ba.

Na kan gaba shi ne Sai-Ni-Na-Farko. Tun kafin a sanar da wayar ya tura wa dillalinsa kafin alƙalami haɗe da gargaɗi: "Ta farkon da za ta shigo garin nan tawa ce. In na gan ta a hannun wani kafin ni, mun ɓata." Wayar kan biyo jakar hannun wani fasinja daga Dubai, ta sauka filin jirgin Malam Aminu Kano da ɗuminta. A Satumbar 2025 an sa wa iPhone 17 Pro Max dala 1,199 a Amurka, dala kuwa tana wajen naira 1,500, wato kusan miliyan 1.8 ke nan. Ma'aikacin da ke ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya haura shekara biyu ba ci ba sha kafin ya haɗa su. Na-Farko yakan biya abin da ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma ya san sarai in ya yi haƙurin wata guda farashin zai faɗo. Ai makonnin nan na farko yake biya wa kuɗi, waɗanda a cikinsu in ya shiga wurin ɗaurin aure za a bar kallon ango.

Ka lura da yadda yake ajiye ta. Kifa ta yake yi a kan tebur, bayanta na kallon sama, kuma ba ya sa mata riga, don riga tana rufe shaida. Duk abin da injiniyoyi suka shekara suna ƙerawa a cikinta, shi WhatsApp kaɗai yake buɗewa, shi ma saƙon murya. Tun 2019, da aka fito da 11 Pro mai kamara uku a kafe kamar duwatsun murhu, akwai majalisun da sai an ƙirga idanun wayar mutum kafin a san irin amsar da za a ba sallamarsa. Shekarar da ta fi ɓata wa Na-Farko rai ita ce 2022. Bayan iPhone 14 da na 13 sai da tabarau ake bambancewa. Ya kashe kuɗinsa, ba wanda ya ce masa "A'a, Alhaji, an yi sabuwa ke nan?", sai shi ya riƙa faɗa da bakinsa, abin da ba ya so. Da aka fito da mai ruwan goro a 2025, ga gidan kamara ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, sai ya ji an share masa hawaye. Daga tsallaken titi ake gane ta.

A bayansa akwai Mai Ciko. Rabonsa da sayen waya da cikakken kuɗi tun zamanin BlackBerry. Kullum ta hannunsa yake ajiyewa, ya ɗora wani abu, ya hau mataki ɗaya. Shi ke jiran 16 ɗin da Na-Farko ya gaji da ita, wani na jiran 15 ɗinsa, wani na jiran 13 ɗin wancan, har abin ya gangaro kan ɗalibin da ke tara kuɗin 11 ta hannu. Waya ɗaya ce ta sauko daga jirgi, amma aljihu biyar ko shida sun motsa, kowanne yana yi wa na ƙasa da shi kallon tausayi, dillali kuma yana lasar ribarsa a kowane mataki.

Cinikin nasu abin saurare ne.

"Oga, duba ta da kyau, ko ƙwarzane babu. A kwalinta take kwana."

Dillali ba zai ko kalli jikin ba. Kai tsaye zai shiga wurin da ke nuna lafiyar batir, wanda Apple ya ƙara a 2018 bayan ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyin da batirinsu ya raunana. Zai ɗan yi tsaki. "Mutumina, 84 fa take. Saura ƙiris ta faɗo ƙasa da 80, wa zai saya?"

Mai Ciko zai dafe ƙirji. Mutum ne da bai san awon hawan jininsa ba, amma ya san ranar da batirin nan ya sauko daga 85 zuwa 84, ya kuma san ƙanensa ne sanadi, da ya sa mata cajar bakin titi. Gobe ka dawo shagon a matsayin mai saye, wannan dillalin zai ɗaga maka wannan wayar ya ce, "84 ai sabuwa ce, yallaɓai. Wata Hajiya ce ta riƙe ta, kira kawai take yi."

Ni dai a cikinsu duka Mai Aron Riga ya fi burge ni. Wayarsa iPhone XR ce, 'yar 2018 mai kamara ɗaya tal, aka kwashe kayan cikinta a wani shago a Shenzhen ta ƙasar Sin aka zuba su a gangar jikin sabuwar Pro. Ido uku a baya, ɗaya ke gani, biyun ado ne. Akwai waɗanda ake yi wa sakiyar da ba ruwa da irin wannan, su biya kuɗin gaske su tafi da ita. Waɗannan sai dai a ce Allah ya isar musu. Nawa gwanin kuwa da saninsa ya saya, shi ya ma ce a nemo masa. Ya zauna ya yi lissafin da Na-Farko bai taɓa yi ba: tunda bayan waya jama'a ke kallo, me zai sa ya biya kuɗin ciki? Wahalarsa ɗaya ce, wayar ba ta shiga hannun kowa. A wurin biki in 'yan mata suka taso, "Yaya, ɗan ɗauke mu mana, mun ga taka ce babba," nan take caji ya ƙare, ko wuri ya cika, ko yana jiran wani kira mai muhimmanci. Ya ƙware wajen riƙe waya ta yadda fuskarta ba ta taɓa haɗa ido da jama'a, domin saman allon kaɗai ya isa ya tona masa asiri.

Wanda yake gudu shi ne Malamin Waya. Kowace majalisa tana da nata. Ba shi da kuɗin saye, amma da datar dare ya kalli bikin ƙaddamarwar tun daga farko har ƙarshe. Ya san tun 2020 aka daina saka kan caja a kwali, ya san dokar Tarayyar Turai ce ta sa aka sauya bakin caji a 2023, ya san 'yar Amurka tun daga 14 ba ta da ramin saka layi. Wannan na ƙarshen ba ya faɗa maka sai ka riga ka biya. "Kash! Da ka tambaye ni." In ya ce "kawo in duba maka", latsawa uku ya isa ya gano an taɓa sauya allo, ya kuma sanar da kai a gaban mutane da murya irin ta mai ta'aziyya. Tasa wayar kuwa allonta a tsage yake, an ɗaure murfin da roba, sai an karkata ta wani gefe take karɓar caji.

Ɗan Samsung ba ya buƙatar dogon bayani, domin magana ɗaya gare shi: "Mu tun yaushe muke da wannan?" Sau da yawa kuma gaskiyarsa ce. Ɗan iPhone ma amsa ɗaya ya tanada, Note 7 da ta riƙa kamawa da wuta a 2016 har aka hana shiga jirgi da ita. Haka za su kwashe daga isha'i zuwa sha biyun dare a teburin mai shayi, jijiyar wuya a tashe, alhali ba mai ko kwabo a kamfanonin biyu. In sun tashi biyan kuɗin shayi, saƙon banki a wayar Tecno yake sauka. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, shi ke da kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka, kuma da lura ya same mu: ya ga sabis ba tabbas ya ba mu layi biyu, ya ga wuta ba tabbas ya ba mu ƙaton batir, ya gyara kamara ta daina mayar da baƙar fata inuwa. Mai Tecno ba ya shiga musun. Ya san in aka kwana biyu ba wuta, masu jijiyar wuyan nan wurinsa za su zo aron kira.

Akwai kuma wanda zazzaɓin bai kama ba amma shi ke jinya. Saurayi ne da aka sa wa rana. Ya buɗe waya da safe ya ga gimbiyar ta ɗora hoton sabuwar da addu'ar "Allah ka ba mu", ya yi kamar bai gani ba, da rana ta sake ɗorawa. Da dare ya yi ƙarfin hali ya taɓo maganar, aka ce masa, "Ni fa ban ce ka saya min ba. Ƙawata ce dai aka sako mata a lefe." Irinsa ne za ka gani yana zagaya shaguna yana tambayar farashi ɗaya a wuri bakwai, ko Allah zai sa wani ya yi kuskure.

Kada a ce na ɗora wa mata laifi. Mutum ɗaya da na sani tana iya faɗa maka cikin wata nawa wayar za ta biya kuɗin kanta ita ce Hajiya mai sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram. Kamarar nan ita ce shagonta. In launin leshi ya fito ba daidai ba a hoto, kaya za a dawo mata da su daga Kaduna. Da kuɗin adashi take zuwa, ba ta neman ta bana, ta bara ta ishe ta, kuma tana taya waya yadda dillali zai riƙa kiran sunan Allah. "Hajiya, wallahi ko uwar kuɗi ba ki kai ba." Sai ta miƙe ta gyara mayafi. Kafin ta kai ƙofa an ce ta dawo.

Mai Biya Kaɗan-Kaɗan shi ma yana nan, wanda ya karɓi waya bashi daga kamfanonin da ke iya kulle ta daga nesa in ranar biya ta wuce. Mako uku yana fantamawa, mako ɗaya kuma "tana wurin gyara".

Sai Mai Tsoro. Ya saya, da guminsa, ta gaske ce kuma. Amma tunda ƙwacen waya ya zama abin da ya zama a gari, a ƙasan akwati take wuni. In zai hau adaidaita sahu, 'yar rakani-kashi yake jefawa a aljihu, ita ke amsa kira, ita ke haska hanya. Babbar sai Juma'a, cikin mota, gilashi a rufe, ko in an yi baƙin da suka cancanta. Batirinta dai yana nan 100, kuma wannan yana sanyaya masa rai.

Daga can ƙarshen bencin za ka tarar da Mai Jira. A farkon 2023 ya haɗa kuɗin 14 cif, lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Sai ya yi dabara: bari 15 ta fito a Satumba, farashin 14 ya karye, ya saya da rara. A watan Yuni gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500. Wayar na tsufa, kuɗinta na hawa. Bai karaya ba. Duk shekara yana zuwa, a ba shi ta gwaji ya juya ta gaba da baya, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya tambayi farashi, ya gyaɗa kai.

"Ba laifi. Amma ka san in ta gaba ta fito, wannan faɗuwa za ta yi."

"Haka ne, Malam," in ji dillali. "Ɗan matsa kaɗan, ga mai saye nan."